Gawar da Ke Kashe Mai Gida: Yadda Ƙwayoyin Garkuwar Shanu Ke Mutuwa a Yaƙi da Bakteriya

Idan likitan dabbobi ya buɗe ƙirjin maraƙin da ciwon huhu ya kayar cikin kwana biyu ko uku, abin da zai tarar ba ya ma kama da huhu. Huhu mai lafiya laushi gare shi kamar soso, idan ka yanki guntu ka jefa a ruwa sai ya taso sama. Wannan kuwa, musamman ɓangarensa na gaba da na ƙasa, ya yi jawur har yana neman komawa baƙi, ya yi tauri kamar hanta, wani abu rawaya mai danƙo ya manne shi da haƙarƙari. Ka jefa shi a ruwa, nutsewa zai yi. Idan aka yanki sala mai siriri aka sa a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, za a ga bakteriya, amma ba su ne suka cika wurin ba. Abin da ya toshe 'yan jakunkunan iskar nan gawarwaki ne, gawarwakin fararen ƙwayoyin jinin maraƙin kansa. Sun narke, sun miƙe sun yi tsawo, sun jeru gefe guda kamar ciyawar da ambaliya ta bi ta kai.

Waɗannan ƙwayoyi ceto suka zo yi. Abin tambaya shi ne yadda aka yi ceton ya zama ajalin wanda aka zo ceta. Amsar tana cikin wani abu da aka daɗe ba a ba shi muhimmanci ba: ƙwayar garkuwar jiki ba mutuwa iri ɗaya take yi ba. Tana da hanyoyin mutuwa daban-daban, kuma hanyar da ta bi ita ke yanke hukuncin ko dabba za ta miƙe ko za ta kwanta. Bakteriya ma, a nasu makahon tsarin, sun kai ga wannan sani tun kafin mu. Yawancin makaman da suka fi haɗari a hannunsu ba don kashe saniya aka ƙera su ba, don su ƙwace ikon yanke lokacin da ƙwayar garkuwa za ta mutu da yadda za ta mutu ne.

Ƙwayoyi biyu ne a gaba a wannan labari. Ta farko ita ce makrofaj, wato babbar mai ci. Mai zaman gadi ce, tana nan a huhu, a hantsa, a hanta, a hanji, tana iya yin makonni ko watanni a wuri ɗaya tana share ƙura da tarkace. Ita ke fara cin karo da baƙo, ita ke kuma yin kururuwa ta hanyar sakin wasu sinadaran kira. Ta biyu ita ce nutrofil, wadda ake ƙerawa a ɓargo, ta fito cikin jini ta yi 'yan sa'o'i tana yawo, in ba a kira ta ba ta mutu salin alin. An san aikin cin ƙwayar cuta da waɗannan ƙwayoyi ke yi tun 1882, lokacin da Élie Metchnikoff ya soka ƙaya a jikin tsutsar wata halittar teku ya ga ƙwayoyi sun taru sun kewaye ta. Abin da ya ɗauki kusan ƙarni guda kafin a fahimta shi ne abin da ke biyo bayan cin.

Nutrofil tafiya take da kayan ɓarna a cikinta. Tana ɗauke da 'yan ƙunshi cike da sinadaran da ke narkar da furotin, kuma idan ta haɗiye bakteriya takan haɗa ruwan guba a kansa nan take, har da irin sinadarin da ke cikin bilic na wanki. Kore-koren da ake gani a mugunya launin ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai ne. Muddin kayan suna cikin ƙwayar, bakteriya kaɗai suke ƙonawa. Ranar da suka zube waje, ba su san na gida ba, ba su san baƙo ba.

A shanu akwai wani ƙarin rauni. A jinin babbar saniya nutrofil ba su ne masu rinjaye ba kamar a jinin mutum ko kare, kuma ajiyar da ɓargo ke riƙe da ita ba ta da yawa. Shi ya sa idan cuta mai tsanani ta faɗo, sau da yawa adadinsu a jini faɗuwa yake yi a ranar farko maimakon ya hau, domin duk sun kwarara zuwa wurin da ake faɗa, ɓargo kuma bai kai ga cike gurbi ba.

To, yaya suke mutuwa?

Mutuwa ta farko ita ce wadda a 1972 masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka raɗa wa suna afotosis, daga kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye daga bishiya. Ni na fi son in kira ta mutuwar tsari. Ƙwayar da kanta take kunna wasu almakasai na furotin da ake kira kasfas. Su ne ke bi suna yanka kayan cikinta, suna daddatsa DNA, ƙwayar ta tsuke, ta kakkarye zuwa ƙananan ƙunshi, kowanne a rufe ruf da tantaninsa. Babu abin da ke zuba. Kafin ta gama, sai ta juyo da wani nau'in kitse da ke ɓoye a cikin tantaninta zuwa waje, wanda ke zama tamkar tuta mai cewa a zo a ɗauke ni. Makrofaj ta zo ta haɗiye. Wurin da abin ya fi ƙayatar da ni shi ne nan: makrofaj ɗin da ta ci irin wannan gawa halinta canzawa yake. Takan daina kururuwar yaƙi, ta koma sakin sinadaran da ke cewa a sassauta, a fara gyara. Ashe kumburi ba gajiya yake yi ya tsaya ba. Kashe shi ake yi, kuma gawar nutrofil da ta mutu bisa tsari tana cikin abubuwan da ke kashe shi.

Mutuwa ta biyu ita ce nekrosis, mutuwar fashewa. Tantani ya huje, ruwa ya shiga, ƙwaya ta kumbura ta tarwatse. Duk gubar da ke ciki ta malala kan naman da ke kusa. Ba nan ta tsaya ba, domin kayan cikin ƙwaya idan suka fito waje, jiki yana ɗaukarsu a matsayin shaidar cewa ana ɓarna, sai ya ƙara turo wasu nutrofil. Su ma in suka fashe, a sake turo wasu. Ko gawar da ta mutu bisa tsari, idan ta daɗe a yashe ba a kwashe ta ba saboda makrofaj sun yi kaɗan ko su ma an kashe su, daga baya fashewa take yi.

Akwai ta uku, wadda aka sa wa suna a 2001, fayirotosis, mutuwar gobara. Ita fashewa ce amma da gangan. Makrofaj ta ji cewa bakteriya ya kutso har cikin ɗakinta, kamar yadda Salmonella ke yi, sai ta huda tantaninta da kanta ta hanyar wani furotin mai suna gasdamin, ta watso sinadarin da ke haddasa zazzaɓi, ta kuma tona asirin mai ɓuyan ta jefo shi fili inda nutrofil za su same shi. Ta huɗu zan zo kanta, domin ta fi duka ban mamaki.

Babu inda aka fi ganin bambancin waɗannan mace-mace kamar a cutar huhun da ake kira zazzaɓin jigila. Mai haddasa mafi muninta bakteriya ne da a da ake kira Pasteurella haemolytica, aka sauya masa suna zuwa Mannheimia haemolytica a 1999. Ba daga nesa yake zuwa ba. Yana zaune a hanci da maƙogwaron shanu masu ƙoshin lafiya, ba ya damun kowa. Sai an yaye maraƙi, an loda shi a mota an yi doguwar tafiya da shi, an gauraya shi da baƙin shanu, ga ƙishirwa ga ƙura ga tsoro, sannan abin ke juyawa. Sinadarin damuwa mai suna kotisol ya hau a jini ya dusashe garkuwa. Sau da yawa wani bairos ya riga ya shiga ya kakkaɓe 'yan gashin da ke share hanyar numfashi. Bakteriyan ya hayayyafa a hanci, maraƙi ya shaƙe shi zuwa can ƙasa.

Huhun saniya kuma bai dace da irin wannan faɗa ba. Ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinta, kuma a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, da ƙarancin 'yan ƙofofin da iska ke bi ta tsallaka daga wannan jaka zuwa waccan. Inda ya toshe ya toshe ke nan.

Da isarsa huhu, yayin da yake tsakiyar hayayyafa, Mannheimia yana sakin wata guba da ake kira lukotoksin, ma'ana gubar fararen ƙwayoyin jini. Aikinta ya danganta da yawanta, kuma wannan shi ne mugun wayonta. Idan kaɗan ce, ba ta kashe nutrofil, tunzura ta take yi: ƙwayar ta fara fesa ruwan gubarta waje, ta zazzage ƙunshinta tun ba ta kama kowa ba, ta ƙara kiran 'yan uwanta. Idan ta ɗan ƙaru, sai ta tura ƙwayar ga mutuwar tsari tun aikinta bai ƙare ba. Idan ta yi yawa, kamar yadda take a tsakiyar wurin da bakteriya suka yi sansani, sai ta huhhuda tantani, ƙwaya ta fashe cikin ɗan lokaci. Ka kwatanta abin a ranka: daga nesa guba tana kira, a kusa tana kashewa. Kowace runduna da ta iso sai ta zube a kan ta gabanta, kayan yaƙinta su narkar da bangon jakunkunan iska da na ƙananan jijiyoyin jini. Ruwan jini ya tsiyayo, zaren da ke sa jini daskarewa ya cika wurin, jijiyoyi su toshe, nama ya mutu saboda rashin jini. Taurin nan mai kama da hanta daga nan ya samo asali. Gobara ce daga kogi.

Wani zai ce wannan ai hasashe ne, ta yaya aka san nutrofil ne ke yin ɓarnar ba bakteriyan ba? An gwada. A tsakiyar shekarun 1980 an ba wasu maruƙa maganin da ya kwashe nutrofil daga jininsu, sannan aka sa musu bakteriyan a huhu. Huhunsu bai lalace ba kamar na 'yan uwansu da ke da cikakkiyar garkuwa, numfashinsu kuma bai tabarbare haka ba a sa'o'in farko. Daga baya aka samar da Mannheimia wanda aka cire masa ikon yin gubar, shi ma ɓarnarsa ta ragu sosai. Sai an haɗa biyun, guba da nutrofil, ake samun cikakken bala'in.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne zaɓen da gubar ke yi. Tana kashe fararen ƙwayoyin shanu da tumaki da awaki da danginsu masu tuƙa, amma ba ta yin wata illa ta a zo a gani ga na mutum ko doki ko alade. Tumakin dawa masu manyan ƙaho na duwatsun Arewacin Amurka ƙwayoyinsu sun ma fi na tumakin gida saurin mutuwa da ita. An gano cewa gubar tana kama wani furotin ne da ke saman fararen ƙwayoyin jini, mai suna CD18. To amma mu ma muna da CD18, me ya sa ba ta kama namu? A 2009 wasu masu bincike a Jami'ar Jihar Washinton ta Amurka suka warware ƙullin. Lokacin da ƙwaya ke ƙera wannan furotin, takan liƙa masa wani ɗan guntu a kai, kamar takardar adireshi, wanda ke nuna inda za a kai shi. Da ya isa sai a yanke takardar a yar. A dabbobi masu tuƙa ba a yanke ta. Bulo ɗaya ne tak ya bambanta a jerin tubalan furotin ɗin, gulutamin a inda sauran dabbobi ke da gilisin, kuma wannan ya isa ya hana almakashin kamawa. Takardar da aka manta ba a cire ba, ita gubar ke riƙewa.

Tunanin da zai fara zuwa wa mutum shi ne, to a raba shanu da CD18 mana, a huta. Sai dai an riga an ga yadda hakan ke ƙarewa, kuma ba a ɗakin gwaji ba. CD18 shi ne hannun da nutrofil ke riƙe bangon jijiya da shi kafin ta kutsa ta fita zuwa inda cuta take. A shanun madara na Holstein an yi fama da wata cutar gado da ke lalata wannan furotin. Maraƙin da ya gaji lahanin ta uwa da uba, jininsa cike yake maƙil da nutrofil, ninkin ba ninkin na mai lafiya, amma da ƙyar suke iya fita. Sai gyambo a baki, gudawa, ciwon huhu mai dawowa, rauni ba ya warkewa, yawanci ya mutu bai shekara ba. A 1992 aka gano ainihin inda lahanin yake, aka bi salsala har zuwa wani bijimi guda, Osborndale Ivanhoe, wanda aka haifa a 1952, wanda maniyyinsa da na 'ya'yansa da jikokinsa ya zaga duniya ta hanyar barbarar allura. A lokacin, kusan kashi 14 cikin 100 na bijiman Holstein da aka gwada a Amurka suna ɗauke da shi a ɓoye. Gwajin DNA ne ya kawo ƙarshen matsalar, aka daina amfani da masu ɗauke da lahanin. Gaba kura baya siyaki ke nan: da hannun, guba ta kama ka, babu hannun, ba ka isa fagen ba.

Mafita mai hankali ita ce a bar hannun a cire takardar. A 2016 waɗancan masu binciken na Washinton suka sauya wannan bulo ɗaya ta hanyar gyaran ƙwayoyin gado, suka samar da ɗan tayin saniya da CD18 ɗinsa ke fitowa a yanke, kuma fararen ƙwayoyinsa ba su mutu ba da aka zuba musu gubar. Nasara ce ta gaske, amma kada a yi saurin guɗa. Ƙwaya a kwanon gwaji daban, garke a cikin mota daban. Mannheimia yana da wasu makaman, kuma ba shi kaɗai ke haddasa ciwon huhun ba.

Mu koma ga mutuwa ta huɗu. A 2004 wasu masana a birnin Balin na Jamus, ƙarƙashin Arturo Zychlinsky, suka nuna cewa nutrofil na iya warware DNA ɗin da ke cibiyarta, ta cakuɗa shi da gubar da ke ƙunshinta, ta watsa shi waje kamar taru. Bakteriya su maƙale a ciki, su kasa yaɗuwa. Sau da yawa ƙwayar ba ta tsira daga wannan aiki, ƙunar baƙin wake ce a ma'anarta ta asali. An ga wannan taru a huhun shanu masu ciwon Mannheimia, an kuma nuna cewa lukotoksin da kansa yana sa nutrofil su jefa shi. An gan shi da Histophilus somni, wani bakteriyan da shi ma ke jawo ciwon huhun shanu, an gan shi a madarar hantsa mai ciwo. Yana da amfani, amma yana da tsada. Furotin ɗin da DNA ke naɗe a jikinsu guba ne ga tantanin huhu da na jijiya, tarun yana ƙara wa majina da mugunya kauri, yana kuma taimaka wa jini ya daskare a inda bai kamata ba. Wasu bakteriya kuma sun tanadi wuƙarsu. Staphylococcus aureus da Mycoplasma bovis duka suna da sinadarin da ke yanka DNA, su datse tarun su wuce. Nutrofil ta ba da ranta a banza.

A hantsa labarin yana da wani ɗanɗano daban, domin a nan ana iya ƙirga gawarwakin kullum. Abin da masana'antar madara ke kira adadin ƙwayoyin jiki a madara, yawancinsa fararen ƙwayoyin jini ne. Hantsa mai lafiya takan ba da ƙasa da 100,000 a kowace mililita, idan ya haura 200,000 ana zargin cuta, idan ciwo ya kama sosai kuwa ana maganar miliyoyi, kusan dukkansu nutrofil. Gudajin da mai tatsa ke gani a madarar saniya mai ciwon hantsa, ga abin da ke cikinsu. Madara mugun fage ce ga nutrofil. Tana isa sai ta fara haɗiyar ɗigon kitse da furotin na madara tana zaton abokan gaba ne, ta ƙarar da makamanta a kansu, ƙarfinta ya ragu. Kowace tatsa tana kwashe tsofaffi, a kawo sababbi, kuma wannan yana cikin dalilan da ya sa wasu ke ba da shawarar yawaita tatsar nonon da ke ciwo.

Bakteriya biyu da suka fi shahara a nan halinsu ya saɓa. E. coli yana shigowa da hayaniya. Gubar da ke bangonsa tana tayar da garkuwa gaba ɗaya, kuma sakamakon ya rataya ne a kan saurin isowar nutrofil. In sun zo da wuri, cikin 'yan kwanaki an gama. In sun makara, kamar yadda ke faruwa ga saniyar da ta haihu kwanan nan, wadda kotisol ya hau mata, kalsiyam ya faɗi, jiki ke ƙona kitsensa don ya yi madara, sai bakteriya su ninka kafin a tare su, saniya ta kwanta, wani lokacin ba ta tashi. Staphylococcus aureus kuwa a hankali yake bi. Nau'o'insa da suka saba da shanu da yawa suna ɗauke da wata guba mai suna LukMF', wadda ke huda nutrofil na saniya da ƙarfin gaske ta hanyar kama wata ƙofa da ke samansu, CCR1. Abin takaici, wannan ƙofa tana cikin waɗanda ƙwayar ke jin kiran agaji da su. Kunnen da ta ji kira da shi, ta nan ake kashe ta tun ba ta ƙaraso ba. Sauran bakteriyan su shige cikin ƙwayoyin hantsa ko cikin ƙananan marurai da tabo ya kewaye, inda magani ba ya kai wa sosai. Shi ya sa ciwon ke lafawa ya dawo, ya lafa ya dawo.

Duk waɗannan masu gaggawar kisa ne. Akwai wani rukuni da dabararsu kishiyar wannan ce: hana mutuwa. Mycobacterium bovis, mai haddasa tarin fuka na shanu, so yake makrofaj ta haɗiye shi. Da ya shiga sai ya hana jakar da yake ciki haɗuwa da jakar narkarwa, ya mayar da cikin mai gadi ɗakin kwanansa. A nan abin da ya fi wa saniya alheri shi ne makrofaj ta kashe kanta bisa tsari, ta ƙunshe baƙon a cikin gawarta, wata ta zo ta haɗiye duka, a kuma nuna wa sauran garkuwa kamanninsa. Nau'o'in da suka fi ƙarfin cuta suna danne wannan hanya. Su bar ƙwayar da rai har su hayayyafa, sannan su tura ta ga fashewa, su fito su shiga sababbin da suka zo kwashe gawa. Ƙullutun da mai duba nama ke samu a kaluluwa da huhu, mai ɗauke da wani abu fari-rawaya mai dunƙulewa, wani lokacin har da tsakuwa-tsakuwa a ciki idan wuƙa ta bi, tarin makrofaj ne da suka mutu ta wannan hanya shekara da shekaru, jiki ya gina musu katanga. Allurar BCG da ake yi wa jarirai daga wannan bakteriya na shanu ta fito. Masana biyu, Calmette da Guérin, sun yi ta dasa shi daga kwano zuwa kwano a Faransa, sau 230, daga 1908 zuwa 1921, har ya yi laushi. Da aka zo aka duba daga baya, cikin abin da ya ɓace masa a hanya har da yankin gadon da ke ba shi damar fasa jakar da ke tsare da shi da kuma fasa ƙwayar.

Ɗan uwansa mai haddasa cutar Johne, wadda ke sa saniya gudawa da ramewa alhali tana cin abinci, haka yake zama a makrofaj na hanji. Maraƙi yake kamawa, amma sai bayan shekara biyu ko fiye alamun ke bayyana. Brucella abortus, mai sa ɓari, shi ma yana tsawaita ran makrofaj ɗin da yake ciki, ya hau ta kamar jaki har ta kai shi mahaifa.

Saboda haka ba za a ce mutuwar ƙwayar garkuwa alheri ce ko sharri ba sai an tambayi wace ƙwaya, a wane lokaci, ta wace hanya. Afotosis ɗin da Mannheimia ke jawowa da wuri asara ce, domin soja ya faɗi bai yi harbi ba. Afotosis ɗin da tarin fuka ke hanawa kuwa shi ne da zai ceci dabba. Ina ganin wannan ne ya sa maganganun da ake yawan yi na ƙarfafa garkuwar dabba, kamar garkuwa wani tulu ne da ake cikawa, ba su cika gamsar da ni ba. Maraƙin da muka buɗe a farko ba ƙarancin garkuwa ya kashe shi a sa'o'insa na ƙarshe ba.

Wannan fahimta ta fara shiga harkar magani. An lura cewa wasu magungunan kashe bakteriya da ake yi wa shanu allurarsu don ciwon huhu, tilmikosin da tulatiromaisin, suna yin wani aiki na biyu. Masu bincike a Jami'ar Kalgari ta Kanada sun nuna cewa suna tura nutrofil na shanu ga mutuwar tsari, suna rage sinadarin da ke kiran ƙarin nutrofil, suna kuma sa makrofaj su ƙara himma wajen kwashe gawa. Wato suna kashe bakteriya, suna kuma sallamar rundunar cikin mutunci kafin ta fashe. Alluran rigakafin Mannheimia na zamani ma da yawansu ba bakteriyan kaɗai suke nuna wa jiki ba, suna haɗawa da gubar da aka kashe wa kaifi, domin jiki ya tanadi abin da zai tare ta kafin ta kai ga CD18. Ana kuma haɗa maganin rage kumburi da na kashe bakteriya a wasu lokuta, ko da yake abin da aka fi tabbatarwa game da shi shi ne saukar da zazzaɓi.

Sai dai duk wannan yana da wa'adi, kuma gajere ne. Ɓarnar da nutrofil ke yi a huhu tana faruwa ne cikin sa'o'i, ba kwanaki ba. Saniya kuma dabba ce da ke ɓoye ciwo, gadon kakanninta da suka rayu a gaban masu farauta, inda mai nuna rauni shi ake fara kamawa. Kafin mai kiwo ya ga kunne ya faɗi, kai ya sunkuya, maraƙi ya ware daga 'yan uwansa, sau da yawa wani yanki na huhun ya riga ya tafi. Allura za ta kashe bakteriyan da suka rage, amma ba ta mayar da jakar iskar da ta narke. Wurin tabo yake zama, ko ya manne da haƙarƙari, ko ya koma maruru a rufe. A mayanka ana yawan samun irin wannan tabo a huhun shanun da ba a taɓa yi musu magani ba, ba a ma taɓa lura sun yi ciwo ba, sai dai a ce wancan tun yana ƙarami bai cika ƙiba kamar sauran ba.